Baƙinmu Na Fadamar Baturiya

Makon jiya na yi muku alkawarin za mu ƙarasa zancen yaye, amma ku gafarce ni. Yau wata magana ce ta tsaya mini a rai, in ban faɗe ta ba ba ni samun sukuni. Zancen yaye yana nan, ba ya tsami.

Ga abin da ya jawo maganar. A ƙarshen zangon da ya wuce ina koya wa 'yan ajina labarin ƙasa a nan Dutse, sai na kawo musu hotunan waɗansu tsibirai da ake kira Galapagos. Suna cikin Tekun Fasifik, wajen kilomita 1,000 yamma da ƙasar Ikwado ta Amurka ta Kudu, ita ce kuwa ke mulkinsu. Masu hali daga ko'ina cikin duniya sukan biya kuɗi mai yawa su shiga jirgin ruwa, su yi kwana da kwanaki suna kewaya tsibiran nan, ba don fatauci ba, ba don ziyarar dangi ba, sai don kallon dabbobi kaɗai. Akwai kunkuru a can wanda yakan kai nauyin buhun gero biyu, ya kuma shekara fiye da 100. Amma abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne tsuntsayen wurin ba su gudun mutum. Wani Bature masani, Charles Darwin, da ya sauka can a 1835, ya ba da labari cewa da bakin bindigarsa ya ture wani shaho daga kan reshe, don shahon bai san abin tsoro ba. Yanzu har doka aka kafa, kada baƙo ya matsa kusa da dabba fiye da mita 2. Watau mutum ake tsarewa, dabbar ba ta da niyyar gudu.

Da na gama, sai wata yarinya mai baki ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, su kam Allah Ya ba su. Mu nan me muke da shi ban da duwatsu da dabino da ƙadangare?" Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi dariya, na ce su buɗe shafi na gaba. Gaskiyar magana kuwa ba ni da amsa ne.

Da aka yi hutun Disamba na nemi izini a gida, na ɗauki ƙanwata muka tafi Haɗeja gaida gwaggona. Muka bi ta Shuwarin, da Kiyawa, da Jahun, muka faɗa babbar hanya a Gujungu. Da dare muna hira na ba Gwaggo labarin yarinyar nan, ina tsammani za ta taya ni dariya. Sai ta dube ni ta ce, "Ashe karatu ya kai ki Amurka ta Kudu, bai kai ki bayan gidan ubanki ba? Jibi ki shirya." Ita Gwaggo shekara da shekaru tana sarin busasshen kifi, babu masuncin da ba ta sani ba daga Haɗeja har Kirikasamma. Ta aika wa wani tsoho mai kwale-kwale, aka kuma nemo mana izini wajen ma'aikatan gandun dajin Baturiya, suka haɗa mu da ɗaya daga cikinsu.

Kafin mu shiga ruwa bari in gaya muku inda ruwan ya fito, don 'yan makaranta su rubuta. Kogin Kano da kogin Challawa suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Shi ne wanda kuke hayewa a gadar Wudil in za ku Kano. Ya bi ta ƙasar Ringim ya iso Haɗeja. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe kamar faifai, ruwa ya rasa gangare, sai ya rarrabu ya bazu cikin fadamu, ya bar tuddai nan da can kamar tsibirai. Can gaba ya gamu da ruwan kogin Jama'are, suka zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Wannan shimfiɗar ruwa ita ake kira fadamar Haɗeja da Nguru. Baturiya tana cikinta, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, cikin jiharmu ta Jigawa.

Muka isa bakin ruwa gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe ko'ina, sanyi har cikin ƙashi. Ni kuwa 'yar kan dutse ce, ban taɓa shiga kwale-kwale ba tun da aka haife ni. Da na sa ƙafa na ji abin ya yi lilo, sai na ce wa Gwaggo ko za mu tsaya mu kalla daga gaɓa. Ko kallona ba ta yi ba. Ma'aikacin nan ya ba kowaccenmu rigar nan mai hana nutsewa. To, a nan ina roƙonku, kowace ce za ta shiga jirgi, ko da hayin kogi ne zuwa kasuwa, in akwai rigar nan ta sa, kada ta ji kunya. In kuma ta ga an cika jirgi fiye da kima ta haƙura ta jira na baya. Kusan kowace damina muna jin labarin kifewar jirgi a jihar nan, galibi kuwa mata da yara ne a ciki.

Tsohon nan, wanda muke ce wa Baba, ya tsaya a baya da gorarsa yana tura mu. Ya ce, "'Ya'yana, sharaɗi biyu. Kada wadda ta miƙe tsaye, kada kuma wadda ta ɗaga murya." Muka bi wata 'yar siririyar hanya tsakanin ciyawa wadda ta fi mu tsawo, ba mu ganin kome sai sama. Har na fara cewa a raina, ashe wahalar banza muka sha. Can sai ciyawa ta buɗe, rana kuma ta fara huda hazo.

'Yan'uwa, gani ya kori ji. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganinki, baɗo ya rufe rabinsa da fararen furanni, sauran rabin kuwa na ɗauka baƙar laka ce ta taso. Sai na ga lakar tana motsi. Ashe tsuntsaye ne, sun zauna jiki da jiki. Ga kirinjijiya masu farar fuska suna ta fito kamar yara sun sami usur. Ga dinya, baƙa da farin ciki, ta kusa kai talotalo girma, da ƙaimi a gaɓar fiffikenta. Ga jinjimi da lanƙwasasshen baki yana caccakar taɓo. Ga zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ƙura wa ruwa ido kamar mai jiran wanda yake bi bashi. Belbela kuwa ba a maganarsu, sun yi wa wata bagaruwa fari fat sai ka ce an shanya wanki.

Wanda ya fi shiga raina ɗan ƙarami ne, ja-ja, mai farin wuya, ana ce da shi taka-a-baɗo. Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, saboda haka yakan yi tafiya a bisa ganyen baɗo ba ya nutsewa, kamar mace tana taka tabarma. Ma'aikacin nan ya raɗa mana cewa a wajen wannan tsuntsu macen ba ta kwanci. In ta saka ƙwai sai ta yi gaba, namijin ne zai kwanta a kai har ya ƙyanƙyashe, shi ne kuma mai reno. In ya ga haɗari sai ya kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fikafikansa ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Gwaggo ta ce, "Allah Ya yi masa albarka." Wannan kam kuna iya karanta wa maigida in ya dawo.

Yanzu sai abin kunyata. Muna tafe a hankali kusa da wani tudu, sai na ga wani abu dogo ya sulalo daga kan kututture ya faɗa ruwa, ya nufo wajenmu, kai a sama, wutsiya na kaɗawa. Ban san lokacin da na miƙe na kurma ihu ba, "Kada! Kada!" Jirgi ya karkata har ya ɗebi ruwa, ƙanwata ta ƙanƙame Gwaggo. Tsuntsayen nan kuwa suka tashi gaba ɗaya, da wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a kan kwano, sama ta yi duhu. Baba ya danna gora ya tsai da jirgi, ya jira har na zauna, sa'an nan ya ce, "Malama, guza ne. Shi ma gudunki yake yi." Sharaɗi biyu ya kafa, na karya su duka cikin numfashi guda. Da a aji ne wata ta yi mini haka, da ta share filin makaranta.

Muka sauka a wani tsibiri inda masunta suka kafa bukkoki suna banda kifi, tarwaɗa da karfasa. Goruba ce ta cika wurin, da gawo wanda ya yi ganye shar, don kun san shi gawo da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Can cikin itatuwa muka hangi jan biri uku suna leƙenmu, da muka ɗaga hannu suka ɓace. Ƙanwata ta tuɓe takalmi za ta wanke ƙafa a gefen ruwa, ma'aikacin ya hana ta. Ya ce irin ruwan nan mai kwanciya akwai ƙananan katantanwa a ciki masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Uwar da ta ga jini a fitsarin ɗanta kada ta ce alamar girma ce, ciwo ne, akwai kuwa maganinsa a asibiti.

A tsibirin nan ne ma'aikacin ya ba ni madubin hangen nesa, ya nuna mini waɗansu tsuntsaye masu ruwan ƙasa, ba su da wani kyau, suna kiwo a wata gonar shinkafa da aka girbe. Ya ce, "Malama, waɗancan ba 'yan ƙasar nan ba ne." Turawa suna kiransu raf. A arewacin Turai da ƙasar Rasha suke ƙyanƙyasa. In sanyin can ya matso, ruwa ya daskare, abinci ya ɓace, sai su taso su nufo kudu. Wanda ya taso daga ƙasar Finlan ya yi tafiyar fiye da kilomita 5,000 kafin ya sauka a gonar nan. A ciki har da ƙetare Bahar Rum, da hamadar Sahara wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai wajen kilomita 1,800, ba rijiya ba inuwa. Fadamar nan tamu tana cikin ruwan farko da suke tararwa bayan hamada. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar agwagwa da suke kira gargani, nauyinta bai kai rabin kilo ba, ita ma tafiyar ke nan take yi kowace shekara. Sukan fara sauka bayan damina, su yi hunturu tare da mu, wajen Maris su juya gida.

Na tsaya ina kallonsu na rasa abin cewa. Ni da na yi guzuri, na sha addu'a, na kwana biyu ina shiri don zuwa Haɗeja kawai!

Baba ya ce wani lokaci masunta sukan tsinci tsuntsu a cikin raga da ɗan zobe a ƙafa, da rubutun boko a jiki. Yana yaro, in ji shi, cewa ake yi na wani sarki ne ya tsere. Asalin zoben kuwa ga shi. Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba, har waɗansu masanansu na da suka ce wai cikin taɓo suke nutsewa su yi barci. A 1822 aka sami wata shamuwa irin tasu, fara, wadda ta fi tamu girma, kusa da wani ƙauye mai suna Klütz a arewacin Jamus, da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. An jefe ta a nahiyarmu ba ta mutu ba, ta tashi da mashin har gida. Tana nan an adana ta a Jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe marar nauyi mai lamba da adireshi, don duk wanda ya tsinta ya aiko da labari. Da haka aka gano hanyoyinsu. Ku lura, malamin makaranta ne, ba wani mai dukiya ba. Saboda haka in ɗanki ya kawo irin zoben nan gida kada a jefar, a kai wa ma'aikatan gandun daji.

Ashe duniya ta san da wurin nan, mu ne na kusa ba mu sani ba. Masana sun ƙidaya irin tsuntsayen da aka gani a fadamar Haɗeja da Nguru sun haura 370. A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye irin waɗannan fadamu a wani gari mai suna Ramsar a ƙasar Iran. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a ciki, a shekarar 2000, Baturiya kuwa ta shiga a 2008, da fili fiye da hekta 100,000. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a sa dajin nan cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa. Tun a 1989 ma Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya zo kallon tsuntsaye a Dagona, can gaba da mu a ƙasar Bade.

To, yanzu na zo kan abin da ya hana ni sukuni. Duk yinin nan, ko kafin in yi ihuna, na lura ba mu taɓa samun kusantar agwagin nan ba. Da jirgi ya matso kamar tsawon filin ƙwallo sai su ɗaga kai, in ya ƙara kaɗan su tashi. Na tuna da shahon Galapagos. Na ce, "Baba, me ya sa suke gudunmu tun daga nesa haka?" Ya ce, "'Yata, sun san mu ne." Ya yi shiru, kana ya ce, "Ke ba ki ga shamuwa ba? A tsakiyar gari take sheƙa, bisa tsamiyar ƙofar gida, yara na wasa a ƙasa. Ta taɓa gudunki?"

Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Shamuwa tsuntsuwa ce babba, ga nama, ga ta kusa, dutse ɗaya ya isa. Amma wane yaro ne a ƙasar Hausa zai jefe ta? Ba alƙali ya hana ba, ba ɗan sanda ba, ba a kuwa yi taro a Iran saboda ita ba. Kakarki ce ta hana uwarki, uwarki ta hana ki, ke kuma kika daka wa ɗanki tsawa ranar da ya ɗauki dutse. Tsawar nan ta cikin gida ita ta tsare shamuwa shekaru aru-aru, har ta saki jiki da mu.

Ranar ba mu ga shamuwa ko ɗaya ba, don ba lokacinta ba ne. 'Yan makaranta da ke tambaya ina take zuwa, ga amsa. In damina ta ƙare, wajen Oktoba, sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Ta ci fara da tsutsa a can, sa'an nan ta komo mana wajen Afrilu ko Mayu ta yi sheƙa. Watau ba ita ke kawo ruwa ba, bin sa take yi. Nan ne gidanta, can baƙuwa ce, kamar yadda raf yake baƙo a wurinmu. In mutanen can suka ga dama suka cinye ta, bana sai mu ga tsamiya wayam. Haka kuma wata yarinya a Finlan take jiran nata tsuntsun ya komo daga Jigawa.

Kada ku ce Malama ta je yawon kwana ɗaya ta dawo tana fifita tsuntsu a kan mutum. Na ga wahalar mutanen wurin da idona. Ciyawar nan doguwa da muka ratsa da safe, kacala, annoba ce. Da, in ji Baba, ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya share hanyoyinsa, da rani kuma wurare da yawa su bushe ƙaf. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, da na Challawa a 1992, sai ambaliyar damina ta ragu, ana kuma sako ruwa kaɗan-kaɗan har da rani. Dam ya yi amfani, Kano na shan ruwa, ana noman rani. Amma ita kacala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ruwa ya rasa hanya ya juya cikin ƙauyuka. A cikinta kuma jan baki ke kwana, dubu bisa dubu, da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Manomin da ya tsai da 'ya'yansa a gona tun asuba suna kaɗa gwangwani, ba ni da bakin ce masa ya ji tausayin jan baki. Wannan yaƙi ne na abinci, aikin hukuma ne ta taimake shi.

Amma dinya me ta ci masa? Gauraka fa? Baba ya ce yana saurayi gauraki garke-garke suke sauka a fadamar nan, da tukkunsu kamar zinariya, ana jin kukansu tun daga nesa. Aka yi ta kama su ana kai wa masu kuɗi su ajiye a tsakar gida don ado, wurin kiwonsu kuma ya zama gona. Ranar nan ko ɗaya ba mu gani ba. Ƙanwata, mai shekara 14, ta ce, "Yaya, mene ne gauraka?"

Mu mutanen Dutse ya kamata tambayar nan ta taɓa mu fiye da kowa. Ba Dutse Gadawur ake ce wa garinmu ba? Tsofaffi suna ba da labari cewa wani maharbi, Duna Magu, shi ya fara zama a gindin duwatsun nan saboda yawan gada da ya tarar, daga nan sunan ya samo asali. To, wace ce a cikinku ta taɓa ganin gada a bayan Garu? Sunan ya saura, mai sunan ta tafi. Yarinyar da ta ce ba mu da kome sai ƙadangare ba ƙarya ta yi ba ƙwarai. Abin da ba ta sani ba shi ne da muna da shi.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Bara da hannuna na saya wa ƙanena roba a kasuwa ya ɗaura danƙo, don ya bar ni in yi barcin rana. Ya riƙa kawo 'yan tsuntsaye yana jerawa a bakin murhu, waɗansu ko loma ɗaya ba su kai ba, muna ce masa maharbi. Da na dawo daga Haɗeja ban ƙwace danƙon ba, don na san in na ƙwace gobe zai ɗaura wani. Na zaunar da shi na buɗe taswira, na sa yatsansa a Finlan, na ce ya ja shi har Jigawa. Na ba shi tsohon littafin rubutu na ce duk tsuntsun da ya gani ya rubuta sunansa da ranar da ya gan shi, in bai san sunan ba ya tambayi Kaka. Ya zuwa jiya ya rubuta iri 19. Gwangwani yake harbi yanzu, ko da yake ba zan rantse muku a kan abin da yake yi in ya fita bayan gari ba.

Akwai kuma abu biyu da suka bi ta madafinmu. Na ɗaya kifi. Waɗansu marasa tsoron Allah sukan zuba maganin ƙwari a ruwa, kifi ya taso babba da ƙarami su kwashe. Tsuntsun da ya ci ya mutu, sauran kuwa a tukunyarki zai ƙare. Gwaggo ta ce ita ba ta saye sai a hannun wanda ta sani, kowace mace kuma tana da ikon tambayar mai kifi daga ina, da me aka kama. Na biyu itace. Lodin itace da gawayi da kuke gani ana shigowa da su gari, daga wani daji aka saro su, a kan waɗansu ne belbela da zalɓe ke sheƙa. Ba na ce ku bar girki ba. Amma murhun duwatsu uku a fili rabin wutarsa iska yake dafawa. In kika kewaye shi da yumɓu, kika bar ƙofa ɗaya, kika rufe tukunya, za ki ga itacen kwana biyu ya kai ki uku. Kuɗin cefane ma ya huta.

Ga wani aiki da nake so mu yi tare. Bana, duk wadda ta fara ganin shamuwa ta sauka a garinsu, ta rubuta ranar, da sunan garin, da irin itacen da ta sauka a kai, ta aiko wa Edita da sunan wannan fili. Ina so in ji daga Kiyawa, da Jahun, da Birnin Kudu, da Ringim, da Gwaram. Matan da ba su fita suna iya gani daga tsakar gida, shamuwa ba ta ɓuya. In wasiƙu sun taru zan jera su a nan, mu ga ta wace kusurwa take fara shigo mana, mu kuma ga kwana nawa ke tsakanin zuwanta da ruwan fari.

Da aka koma makaranta na kira yarinyar nan gaban aji na ba ta amsarta, ko da yake ta makara da wata guda. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "To, Malama, yaushe za ki kai mu?" Na kai maganar gaban shugabar makaranta, ta ce in iyaye sun yarda ita ba ta hana ba. Lokacin da ya fi kyau daga Disamba ne zuwa Fabrairu, kafin baƙin su juya. Za mu nemi izinin ma'aikatan daji, kowace yarinya da rigar ruwa, ba a fi shida a jirgi ba, malamai mata biyu, mu tafi da asuba mu kwana a gida. Saboda haka uwar da 'yarta ta kawo mata takarda ta sa hannu, ina roƙo ta taya ta yi wa mahaifinta magana. Na kuma yi alkawari wannan karon ba ni miƙewa tsaye.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai zancen yaye.